Garkuwar jiki: Yadda fararen ƙwayoyin jini ke yanka DNA su sake ɗinke shi

A kowace rana, miliyoyin fararen ƙwayoyin jini masu tasowa a jikin ɗan Adam kan yanka DNA ɗinsu da gangan, su zubar da wani sashe nasa, sannan su ɗinke abin da ya rage.

Masana kimiyya na kiran wannan aiki haɗin V-D-J, kuma ta hanyarsa ne garkuwar jiki ke samun ikon gane ƙwayoyin cutar da ba ta taɓa karo da su ba, har da waɗanda ba su bayyana a duniya ba tukuna.

Jaririn da aka haifa ba tare da ikon yin wannan yanka da ɗinki ba, da wuya ya kai shekara 2 idan ba a yi masa magani ba. Idan kuma yankan ya sauka inda bai kamata ba, ana iya samun cutar sankara.

Wani masani ɗan ƙasar Japan, Susumu Tonegawa, shi ne ya fara tabbatar da faruwar lamarin a 1976, abin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci a 1987.

Tambayar da ta daɗe tana damun masana

DNA shi ne dogon zaren da ke cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jiki, wanda ke ɗauke da bayanan da mutum ya gada daga iyayensa.

An rubuta bayanan ne da haruffa 4 kawai, A da C da G da T, kimanin biliyan 3 a jere, an kuma kasa su cikin ƙunshi 23 da ake kira kuromosom. Kowane mutum na da kwafi biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba.

A cikin wannan rubutu akwai sassan da kowannensu ke ba da umarnin ƙera furotin guda. Su ne sadarorin gado, kuma yawansu a jikin ɗan Adam kimanin 20,000 ne.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai nau'i biyu na fararen ƙwayoyin jini, ƙwayoyin B da ƙwayoyin T, waɗanda kowace ɗaya ke ɗauke da wani furotin a jikin fatarta mai suna risefta. Risefta tamkar ƙugiya ce da ba ta kama komai sai abin da siffarsa ta dace da ita.

Idan ƙwayar B ta kama abin da ya dace da riseftarta, sai ta hayayyafa, ta shiga zubo irin wannan risefta cikin jini da yawan gaske. Wannan da aka zubo shi ne ake kira antibodi.

To abin tambaya shi ne, ta yaya jikin da ke da sadarorin gado dubbai kawai zai ƙera riseftoci masu siffa daban-daban har miliyoyi barkatai?

Tun a shekarun 1920 Karl Landsteiner, masanin da ya gano rukunonin jini, ya ƙara dagula lissafin. Ya riƙa liƙa wasu sinadarai da aka haɗa a ɗakin bincike a jikin furotin yana yi wa zomaye allurarsu, sai ga shi zomayen na ƙera antibodin da ya dace da kowane sinadari, duk da cewa kakanninsu ba su taɓa haɗuwa da irinsa ba.

A 1940 Linus Pauling na Amurka ya kawo shawarar cewa antibodi kan lanƙwashe ne a jikin ƙwayar cuta ya ɗauki siffarta, kamar yadda yumɓu ke ɗaukar siffar abin da aka danna a kansa. Ra'ayin ya samu karɓuwa na tsawon shekaru, amma daga baya ya tabbata kuskure ne.

Macfarlane Burnet na Ostareliya ne ya kawo bayanin da ya tsaya, a 1957: jiki kan tanadi ƙwayoyi masu riseftoci iri-iri tun kafin cuta ta zo, cutar kuma ita ke zaɓar ƙwayar da ta dace da ita. Sai dai wannan bai amsa tambayar inda bambancin ya samo asali ba.

Da aka binciki ginin antibodi, sai aka ga yana da siffar harafin Y, da manyan sarƙoƙi 2 da ƙanana 2. Bakin kowace sarƙa, inda ake kamun, yana bambanta daga antibodi zuwa antibodi, gindinta kuwa kusan iri ɗaya ne.

Ganin haka ne William Dreyer da Claude Bennett suka ce a 1965 lalle sassa biyu na DNA da ke nesa da juna ne ke haɗuwa su samar da sarƙa guda. Masana da dama sun yi watsi da maganar, domin a lokacin an yi ittifaƙi cewa sadara guda furotin guda take bayarwa, kuma DNA ɗin da ke kowace ƙwayar jiki iri ɗaya ne daga haihuwa har mutuwa.

Gwajin birnin Basel

An haifi Tonegawa a birnin Nagoya a 1939. Ya karanta ilimin haɗa sinadarai a Jami'ar Kyoto, ya yi digirinsa na uku a San Diyego da ke jihar Kalifoniya.

Takardar izininsa ta zama a Amurka na gab da ƙarewa ne malaminsa, Renato Dulbecco, ya ba shi shawarar ya tafi wata sabuwar cibiyar binciken garkuwar jiki a birnin Basel na ƙasar Suwizalan. Ya isa can a 1971, ba tare da wata ƙwarewa a fannin ba. Abin da ya iya shi ne sarrafa DNA.

Shi da abokin aikinsa Nobumichi Hozumi sun ɗauki DNA daga tayin ɓera, da kuma daga wata sankarar ƙwayoyin B ta ɓera wadda dukkan ƙwayoyinta antibodi iri ɗaya suke ƙerawa.

Sun daddatsa kowanne da wani sinadari da ke yanka DNA a wurare sanannu, suka jera guntayen bisa tsawonsu, sannan suka nemi inda umarnin bakin sarƙa da na gindinta suke.

A DNA ɗin tayi, umarnin biyu na kan guntaye biyu mabambanta. A na ƙwayar B kuwa, an same su a kan guntu ɗaya. Ma'ana, a yayin da ƙwayar ke girma, an ɗauko wani sashe daga wurinsa an kai shi kusa da wani.

Cikin shekaru 4 da suka biyo baya, ɗakin binciken Tonegawa da na Leroy Hood da Philip Leder a Amurka sun fayyace sauran hoton. A 1984 kuma rukunin Mark Davis a Amurka da na Tak Mak a Kanada suka gano sadarorin riseftar ƙwayoyin T, aka ga su ma haka ake harhaɗa su.

Yadda ake yanka da ɗinki

Ƙwayoyin B kan tashi ne a cikin ɓargon ƙashi. Umarnin babbar sarƙarsu na kan kuromosom na 14, kuma ba a rubuce yake a dunƙule ba. A tarwatse yake, guntu-guntu, a faɗin da ya haura haruffa miliyan 1.

Akwai guntaye kimanin 40 masu aiki da ake kira V, da 23 da ake kira D, da 6 da ake kira J. Haruffan an ɗauko su ne daga farkon kalmomin Ingilishi masu nufin canzawa da bambanci da haɗawa.

Ƙwayar kan fara ɗaukar D guda ta haɗa da J guda, daga nan ta ɗauko V guda ta haɗa da su. Duk abin da ke tsakanin guntayen da aka zaɓa ana yanke shi, ya naɗe ya zama zobe, ya fita daga kuromosom ɗin. Ba a mayar da shi har abada, kuma duk zuriyar wannan ƙwaya haka za ta gaji DNA ɗin a datse.

Almakashin da ke wannan aiki furotin ne guda biyu, RAG1 da RAG2. David Schatz da Marjorie Oettinger ne suka gano su a ɗakin binciken David Baltimore, a 1989 da 1990.

Akwai sa'a a cikin ganowar. Schatz ya riƙa cusa gutsattsarin DNA cikin ƙwayoyin da ba su iya wannan yanka ba, yana neman gutsuren da zai koya musu. Da a ce sadarorin biyu na nesa da juna, da wuya su shiga ƙwaya ɗaya a lokaci ɗaya. Sai aka dace maƙwabtan juna ne, gutsure ɗaya ya ɗauko su tare.

Almakashin ba ya yanka ko'ina. A gefen kowane guntu akwai alama: haruffa 7, sai tazara, sai haruffa 9. Tazarar kuwa ko dai haruffa 12 ce ko 23, kuma ƙa'ida ita ce mai 12 ba ta haɗuwa sai da mai 23.

A babbar sarƙa, guntayen V da J duk masu 23 ne, D kuma na da mai 12 a kowane gefe. Wannan ne ke hana V tsallake D ta haɗu da J kai tsaye.

Bayan an yanka, bakin zaren kan rufe kansa, sai wani furotin mai suna Artemis ya buɗe shi. Daga nan sai ma'aikatan gyaran DNA da ke cikin kowace ƙwayar jiki, waɗanda aikinsu na yau da kullum shi ne ɗinke zaren da ya tsinke bisa haɗari, su zo su haɗa bakunan biyu.

A nan ne abin mamakin yake: ɗinkin ba ya fita daidai, kuma rashin daidaiton shi ne ribar.

Kafin a haɗa, ana ɗan gutsure wasu haruffa daga kowane baki. Sannan wani furotin mai suna TdT ya ƙara sabbin haruffa barkatai, ba tare da ya kwafo su daga ko'ina ba. Waɗannan haruffa ba su cikin DNA ɗin uwa, ba su cikin na uba.

Mahaɗar da aka yi wa wannan ƙari kuwa ita ce ke faɗawa tsakiyar bakin risefta, daidai inda ake taɓa ƙwayar cuta.

Lissafin

Idan aka ninka 40 sau 23 sau 6, za a samu manyan sarƙoƙi 5,520.

Ƙaramar sarƙa ba ta da D. Iri biyu ce: ɗaya a kuromosom na 2, mai V kimanin 40 da J guda 5, ɗaya kuma a kuromosom na 22, mai V kimanin 30 da J wajen 4. Jimillarsu ta kai 320.

Tun da kowace babba na iya haɗuwa da kowace ƙarama, riseftocin da za a iya samu sun kusa miliyan 2, daga guntayen da ba su kai 200 ba.

Ƙarin haruffa da ragin da ake yi a mahaɗa ne ke kai adadin inda hankali ba ya kamawa. Littattafan koyar da likitoci na ƙiyasta cewa ire-iren riseftar B da za su iya samuwa sun haura tiriliyan 10, na ƙwayoyin T kuwa sun kai lamba 1 da sifiri 18 a bayanta.

Babu jikin da ke da ƙwayoyin da za su ɗauki wannan adadi. Kowane mutum na riƙe ne da ɗan abin da ya samu daga ciki. Wani ƙiyasi da aka buga a 1999 ya nuna cewa baligi na da riseftocin T mabambanta aƙalla miliyan 25.

Shi ya sa ko tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, masu DNA iri ɗaya, ba su da tarin riseftoci iri ɗaya.

Asarar da ake tafkawa

Wannan tsari na da tsada. Ana karanta DNA ne haruffa uku-uku, kamar a rubuta INA SON SHA. Idan harafin farko ya faɗi, aka ci gaba da karatu uku-uku, sai a samu NAS ONS HA, wanda ba shi da ma'ana.

Tun da ana ƙara haruffa ana ragewa ba da awo ba, kimanin biyu cikin uku na ɗinkin da ake yi na ɓata karatun.

Ƙwayar da ta yi rashin sa'a a kwafin farko na da damar gwadawa a kwafi na biyu. Idan nan ma ba ta dace ba, sai ta mutu. Idan kuwa ta dace tun farko, ana kashe almakashin, a bar kwafi na biyun, domin kada ƙwaya ɗaya ta ɗauki riseftoci iri biyu. Sai bayan nan ne take komawa kan ƙaramar sarƙa.

Akwai matsala ta biyu wadda ta fi wannan haɗari. Abin da aka haɗa a makance na iya dacewa da ƙwayar cuta, yana kuma iya dacewa da naman jikin mutumin kansa.

Ƙwayar B da ta kama wani abu na jiki tun tana cikin ɓargo kan sake kunna almakashinta, ta canza ƙaramar sarƙarta. Idan canjin bai yi amfani ba, a kashe ta ko a kassara ta.

Ƙwayoyin T kuwa jarrabawarsu ta fi tsanani. Daga ɓargo suke tafiya taimos, wata 'yar gaɓa da ke bayan ƙashin ƙirji, a saman zuciya, can suke harhaɗa riseftarsu. Har zuwa 1961, lokacin da Jacques Miller ya cire ta daga jariran ɓeraye ya ga garkuwarsu ta rushe, likitoci da yawa na ɗaukar gaɓar ba ta da wani amfani.

Aikin ƙwayar T shi ne duba 'yan gutsattsarin furotin da ƙwayoyin jiki ke bajewa a bisa fatarsu, domin gane wadda cuta ta shige ta. Don haka a taimos ana zubar da wadda ba ta iya ganin abin da aka baje ba sam, ana kuma kashe wadda ta kama na jiki da ƙarfi fiye da kima.

Fiye da kashi 95 cikin 100 ba sa fita da rai. Duk da haka wasu masu haɗari kan kuɓuce, kuma suna da hannu a cututtukan da garkuwa ke afka wa jiki, irin su nau'in ciwon sukari na farko.

Taimos kan fara shanyewa bayan balaga, kitse ya maye gurbinsa sannu a hankali, abin da ke cikin dalilan raguwar sabbin ƙwayoyin T a jikin tsofaffi.

Gyara na biyu

Ƙwayoyin B na da wani zagaye na sauyi bayan sun haɗu da cuta ko allurar rigakafi. A cikin kaluluwa da saifa, wani furotin mai suna AID, wanda ɗakin binciken Tasuku Honjo na Kyoto ya gano a 1999, kan riƙa sauya haruffa ɗai-ɗai a sadarar da aka riga aka haɗa, da saurin da ya ninka na sauran DNA kusan sau miliyan.

Ƙwayoyin da sauyin ya ƙara wa ƙarfin kamu su ke tsira su hayayyafa. AID ne kuma ke sa a sake yanka DNA domin canza gindin antibodi, ya dace da aiki a jini, ko a hanji da nono.

Wasu daga cikin waɗannan ƙwayoyi kan zauna shekaru suna jiran dawowar cutar, kuma a kansu rigakafi ya dogara.

Wannan taska ba a gadonta, kuma tana iya salwanta. Wani bincike da aka buga a 2019 kan yara 77 da ba a yi wa rigakafi ba a ƙasar Holan ya nuna cewa cutar ƙyanda ta shafe daga kashi 11 zuwa 73 cikin 100 na ire-iren antibodin da suka tara, abin da ya bar su a buɗe ga cututtukan da suka riga suka warke daga gare su.

Idan almakashin bai yi aiki ba

A 1992 masana sun samar da ɓerayen da aka lalata wa RAG1 ko RAG2. Ɓerayen sun tashi ba su da cikakkiyar ƙwayar B ko ta T ko guda ɗaya. A 1996 aka tabbatar da irin wannan a jikin jarirai.

Cutar na cikin rukunin da likitoci ke kira SCID, wato matsanancin rashin garkuwa na haihuwa. Tana da sabubba da dama, lalacewar RAG ko Artemis na daga ciki. A Amurka an ƙiyasta cewa jariri 1 cikin 58,000 ne ke zuwa da ita.

Jaririn kan zo lafiya ƙalau a ido, saboda antibodin da ya samu daga uwarsa ta mabiyiya na kare shi na 'yan watanni. Bayan nan sai gudawa da ciwon huhu da farin baki su yi ta maimaituwa, ya daina ƙiba.

Nau'in RAG da na Artemis ba sa bayyana sai yaro ya gaji gurɓatacciyar sadara daga uwa da uba duka, don haka sun fi yawa inda auren zumunci ya yawaita, da kuma cikin ƙananan al'ummomi. Tsakanin ƙabilun Nabaho da Apache na Amurka, kimanin jariri 1 cikin 2,000 ne ke zuwa da nau'in Artemis.

Allurar BCG ta tarin fuka, wadda ake yi wa jarirai da haihuwa a Najeriya da Nijar da ƙasashe da yawa, na ƙunshe da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana. Ba ta da illa ga jariri mai garkuwa, amma ga mai SCID tana iya bazuwa a jiki. Shi ya sa likitoci ke son sanin ko an taɓa rasa jarirai a gida sakamakon cututtuka masu maimaituwa.

Maganin da aka fi sani shi ne dashen ɓargo, wanda aka fara yin nasararsa kan wannan cuta a 1968 a jihar Minesota. Sakamakon ya fi kyau idan an yi shi cikin watanni ukun farko, kafin cututtuka su kama yaron.

Zoben DNA da ake zubarwa a taimos shi ne ya ba da hanyar gano cutar da wuri. Ana ɗigar jini daga dunduniyar jariri a ƙirga zobban. Idan babu su, to ba a ƙera ƙwayoyin T. Jihar Wiskonsin ce ta fara wannan gwaji ga dukkan jarirai a 2008, kuma ya zuwa ƙarshen 2018 ya game jihohin Amurka baki ɗaya.

A 2022 likitoci a San Faransisko sun ba da rahoton jarirai 10 masu nau'in Artemis da aka ɗebi ƙwayoyin ɓargonsu, aka saka musu lafiyayyar sadara, aka mayar musu, suka fara ƙera ƙwayoyin T na kansu.

Idan ɗinkin ya kauce

Duk lokacin da aka tsinka zaren DNA, akwai yiwuwar a ɗinke shi da bakin wani kuromosom daban.

Yankin da ke ɗauke da umarnin antibodi a kunne yake dare da rana a cikin ƙwayar B. Duk sadarar da ta faɗo kusa da shi, ita ma sai ta kasance a kunne.

A wata sankarar kaluluwa da ta fi kama manya a Turai da Amurka, kusan kashi 85 cikin 100 na masu ita na da haɗin kuromosom na 14 da na 18, wanda ke kunna wata sadara mai hana ƙwaya mutuwa. Wani bincike na 2014 kuma ya nuna cewa a nau'in sankarar jini da ya fi yawa tsakanin yara, RAG ne ke yanke wasu muhimman sassan DNA da suka yi kama da alamarsa.

Misalin da ya fi shafar Afirka shi ne sankarar Burkitt. A 1958 wani likitan fiɗa, Denis Burkitt, da ke aiki a Kampala ta ƙasar Yuganda, ya bayyana wani ƙari mai saurin girma a muƙamuƙin yara. An gano cewa ya fi yawa a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, daga gabashin nahiyar zuwa yammacinta, har da Najeriya.

A cikin wannan sankara, wata sadara mai ingiza hayayyafa da ke kan kuromosom na 8 kan koma kusa da umarnin antibodi. A kimanin kashi 80 cikin 100 kuromosom na 14 take faɗawa, sauran kuma na 2 ko na 22, wato daidai wurare ukun da ake harhaɗa antibodi.

A nan an fi ɗora laifin kan AID. Zazzaɓi mai maimaituwa na sa ƙwayoyin B su daɗe suna hayayyafa da AID a kunne, yayin da ƙwayar cutar Epstein-Barr, wadda aka gano a 1964 daga irin wannan ƙari, ke taimaka wa ƙwayar da ta lalace ta tsira.

Likitoci sun mayar da wannan tsari abin amfani. Tun da mahaɗar V-D-J ta kowace ƙwaya tata ce ita kaɗai, sankarar da ta fito daga ƙwaya guda na ɗauke da tambari ɗaya. Da shi ake bin sawunta bayan magani, har a gano ƙwayar sankara 1 cikin lafiyayyu miliyan.

Haka kuma ana ɗauko sadarar da jikin wani ya riga ya haɗa a mayar da ita magani. Ɗaya daga cikin magungunan Ebola biyu da Amurka ta amince da su a 2020 an samo shi ne daga jinin wani da ya tsira daga annobar Kikwit ta 1995 a Kongo. Ɗayan kuma ya fito ne daga ɓerayen da aka dasa wa guntayen V da D da J na ɗan Adam.

Asalin almakashin

Ba dukkan dabbobi ke da wannan tsari ba. Ƙwari da tsutsotsi ba su da shi. Ana samunsa ne a dabbobi masu ƙashin baya da muƙamuƙi, daga kifayen shak har zuwa ɗan Adam, kuma masana na ƙiyasta cewa ya bayyana kimanin shekaru miliyan 500 da suka wuce.

Kowane jinsi da yadda yake amfani da shi. Kaza na da V guda ɗaya tak mai aiki a kowace sarƙa, sai ta riƙa kwafo gutsattsari daga wasu matattun guntaye tana liƙawa. A jikin kaza ne ma aka fara gano ƙwayoyin B, a wata 'yar jaka da ke kusa da duburarta.

Raƙumi kuwa, kamar yadda masana a birnin Brasels suka bayyana a 1993, yana da wasu antibodin da ba su da ƙaramar sarƙa sam. Ƙanƙantar bakinsu ta sa kamfanonin magunguna ke amfani da na danginsa na Kudancin Amurka.

Tun a ƙarshen shekarun 1970 aka lura cewa alamomin da RAG ke bi sun yi kama da na wasu sassan DNA masu tsalle, waɗanda ba su da wani aiki sai yanke kansu daga wuri su dasa a wani. A 1998 rukunoni biyu na masana suka nuna a cikin kwalbar gwaji cewa RAG na iya ɗaukar guntun da ya yanke ya cusa shi cikin wani DNA, kamar yadda masu tsallen ke yi.

Bayanin da akasarin masanan fannin suka karkata gare shi shi ne, wani irin wannan sashe ne ya faɗa tsakiyar sadarar wata risefta ya raba ta biyu, ta yadda ba za ta yi aiki ba sai an yanke shi an ɗinke.

A 2016 masana a ƙasar Sin tare da Schatz suka gano ɗan'uwan RAG da har yanzu yake tsalle, a jikin wata 'yar halittar teku mai kama da kifi da ke binne kanta cikin yashi. Yana da sadarori biyu maƙwabtan juna kamar RAG1 da RAG2, da alamomi a gefe biyu masu kama da haruffa bakwai ɗin nan.

Kifayen da ba su da muƙamuƙi, irin su lamfiri, ba su da RAG. Amma a 2004 Zeev Pancer da Max Cooper suka gano cewa su ma suna harhaɗa riseftoci iri-iri a cikin fararen ƙwayoyin jininsu, da wasu guntaye daban, ta hanyar kwafi maimakon yanka.